Hattara da masu "gyaran" fayil ɗin SQLite

Masu koyon rubuta manhaja, a kula. Akwai 'yan damfara da ke laɓe a zaurukan Telegram da Facebook suna jiran wani ya sako hoton kuskuren nan na SQLite (manhajar adana bayanai a cikin fayil guda) mai cewa "file is not a database". Kana sakawa sai ga saƙo ta bayan fage: wai rumbun bayananka ya lalace, ka turo fayil ɗin da kuɗin aiki. Wani ma "manhajar gyara" zai ba ka ka sauke a kwamfutarka.

Kuskuren nan, mai lamba 26, abin da yake faɗa shi ne SQLite ta duba kan fayil ɗin ba ta gane shi ba. Duk fayil nata na gaskiya da rubutun "SQLite format 3" yake farawa, cikin bayit 16 na farko. Ka buɗe shi da kanka ka gani. Idan haruffan PK ka tarar, fayil ɗin zip ne aka sauya wa suna. Idan rubutun shafin intanet ne, to saukewar ce ba ta yi ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne SQLite ba ta yin ƙorafi lokacin buɗewa, sai an aika mata tambaya ta farko, sai mutum ya zaci shi ya ɓata fayil ɗin da hannunsa. Da wannan fargabar 'yan damfarar suke cin kasuwarsu.

Idan kuwa tarkacen haruffa ne tun daga farko, mai yiwuwa kulle yake, kamar na SQLCipher (manhajar kulle fayil ɗin SQLite) ko ajiyar WhatsApp mai ƙarewa da crypt14. Mabuɗi ake nema a nan. Duk wanda ya ce zai fasa AES-256, tsarin kullewar irin waɗannan fayiloli, ba mabuɗi, ƙarya yake, ko nawa ka biya shi.

Lalacewa ta gaskiya galibi lamba 11 take nunawa, kuma tun 2019 SQLite na da umarnin .recover na ceto bayanai kyauta. Ka kwafi fayil ɗin, ka gwada a kan kwafin.

Ni kuɗin ma ba shi ya fi damuna ba. Fayil ɗin da ake roƙonka ka turo ɗauke yake da sunaye da lambobin wayar mutanen da suka amince da manhajarka. In har ka riga ka tura, ka sauya kalmomin sirri yau, ka kuma sanar da masu bayanan.