Magic ko Yu-Gi-Oh: wanne ya fi a wajen tarewa da mayar da martani?

Ɗan'uwa, tunda tarewa da martani ne ma'auninka tsakanin wasannin kati biyun nan, Magic da Yu-Gi-Oh, ɗauki Magic. Ina da su duka biyun. Ɗaya kullum yana cikin jakata, ɗayan kuwa ya daɗe a akwati yana shan ƙura.

A Yu-Gi-Oh babu tarewa sam. Mai kawo hari ne ke nuna dodon da zai buga, kai kuma sai dai ka jira da katin martani, kamar katin tarkon da ka kife tun a zagayen baya. A Magic ba halittunka ake kai wa hari ba, kai ake nufa, kai ne kuma mai zaɓar wadda za ta sha gaban maharin, ko biyu su taru a kan ɗaya, ko ka bari bugun ya shiga cikin makin ranka 20 don ka adana halittarka. Sharaɗin kawai kada halittar ta kasance a kwance, wato katinta a juye gefe alamar an yi amfani da ita, lokacin da za ka ayyana ta a matsayin mai tarewa.

Abin da ya sa na kamu da son wasan shi ne tari. Duk katin da aka jefa ba ya aiki nan da nan, sai ya hau tari, kowa ya samu damar ɗora nasa a kai, na ƙarshen hawa kuma shi ke fara aiki. Wani abokina ne ya koya min, da hannu ba da baki ba. Na kai hari da halitta mai 2/2, wato ƙarfin bugu 2 da juriya 2, ya tare da mai 3/3, na jefa Giant Growth don tawa ta koma 5/5. Ya ce in dakata, ya ɗora Lightning Bolt, katin da ke yin bugu 3. Nasa ya fara sauka, ya kashe halittata tana 2/2, nawa ya iso bai tarar da kowa ba. Maimakon ya ci gaba, sai ya jera katunan biyu a teburi, ya nuna min dalili a hankali. Bayan mako guda shi ya fara jefa nasa, na ɗora nawa a kai, halittar ta shanye bugu 3 ta rayu. Ya fi ni murna ranar, wallahi.

Wata ƙa'ida da sababbi ke yawan faɗawa ciki: da zarar an ayyana tarewa, an tare maharin ke nan. Ko ka kashe mai tarewar a lokacin, bugunka ba zai kai ga mai ita ba, sai in halittarka tana da ikon tattakewa ta wuce. Don haka in so kake bugu ya shiga, kawar da mai tarewar kafin a zo matakin ayyana tarewa. Kwantar da ita bayan ta riga ta tare ma ba ya cire ta daga faɗan. Ka kuma yi hattara da tsofaffin 'yan wasa masu koyar da dokar da ta shuɗe: tun 2009 ɓarnar faɗa ta daina hawa tari, a 2024 kuma aka soke jera masu tarewa bi da bi kafin raba musu bugu.

Yu-Gi-Oh fa? Tsakani da Allah yana da sauri, kuma sarƙarsa, wato irin nasa tarin, ita ma daga ƙarshe take warwarewa. Amma in ta fara warwarewa ba ka da bakin magana sai ta ƙare, alhali a Magic duk abu ɗaya da ya sauka daga tari sai dama ta sake zagayowa. Ga matakan saurin kati guda 3, inda tarkon martani ba ya amsuwa sai da irinsa. Ga matakin ɓarna, wanda yawancin katunan ba sa aiki a cikinsa. Abin da ya sa na yi nadamar kuɗina shi ne katin da ke rasa lokacinsa: wanda aka rubuta wa "when" da zaɓin yi ko bari yana iya wucewa a banza in wani abu ya biyo baya, mai "if" kuwa ya yi aiki. Kalma ɗaya ta sha cinye mana rabin dare a gardama.

Ba ka tambaya ba, amma jabu ya yi yawa. Katunan Magic masu daraja da aka buga daga 2014 zuwa yau suna da ɗan hatimi mai ƙyalli a ƙasa ta tsakiya, na Yu-Gi-Oh kuma a kusurwar ƙasa ta dama. Masu jabu suna kwaikwayon hatimin, saboda haka kada ka tsaya nan: haɗa katin da wanda ka tabbatar na gaske ne, ka duba kaurinsa, launin bayansa da kaifin rubutu. Akwai kuma masu buɗe fakiti su zare mai tsada su sake liƙewa. Duk wanda ya ƙi turo maka hoton gaba da bayan ainihin katin, ko ya karya farashi fiye da hankali, rabu da shi.

Kada ka fara da fakitin sa'a. Sayi haɗaɗɗun katunan masu farawa, saiti biyu masu kati 60 kowanne, ɗaya naka ɗaya na abokin wasa. Kafin su iso ka sauke Magic Arena, wasan Magic na waya da kwamfuta, kyauta ne, yana tsayawa a inda kake da damar martani, a nan hannunka zai saba da lokacin jefawa da lokacin jira.