Yawon Dutsen Kufena da ɗan jagora, ra'ayina

Masu tambayata ko kuɗin da ake biyan yaron nan mai kai mutane Dutsen Kufena na Zariya ranar Asabar ya cancanta, eh ya cancanta wallahi. Jiyoloji ya karanta, wato ilimin duwatsu, kuma ya iya bayani da Hausa tsantsa, ba irin masu cika ka da turanci ba.

Daga Wusasa muka tashi da sassafe. Tun a gindin dutsen ya sa kowa ya duƙa ya kalli jikinshi da kyau, sai ga wasu manyan ƙwayoyi masu ɗan ja-ja, da masu ƙyalli kaman gilashi, da ɗigo-ɗigon baƙi. Yace garanit kenan, kuma girman ƙwayoyin nan shine shaidar cewa a can ƙarƙashin ƙasa dutsen ya huce a hankali, nisan kilomitoci, da a sarari ya huce da ƙwayoyin basu samu lokacin girma haka ba. Wai kusan shekara miliyan 600 da suka wuce akwai teku tsakanin yankinmu da tsohon doron ƙasa na Afirka ta Yamma, ƙasan tekun ya dinga nutsewa ƙarƙashin namu, ruwan da ya shiga dashi ya taimaka duwatsun ciki suka narke, daga baya ɓangarorin biyu suka yi karo, narkakken ya taso ya daskare bai kai waje ba, iska da ruwan sama ne suka cinye abinda ya rufe shi har ya fito. Nan fa jikina yayi sanyi, mu da muka taso muna ganin dutsen nan kullum daga mota. Allah mai iko.

Wani dattijo yace to na Jos fa? Sai yaron yace Baba ai na Jos ƙanne ne sosai, basu da alaƙa da nutsewar tekun nan, kuma sune masu kuza. Ya nuna mana inda saman dutsen ke ɓarewa falle-falle, da ragowar tsohuwar ganuwa.

Inda bai kyauta ba, ruwan sha bai isa ba, kuma yana sauri a hawa, iyaye mata sun sha wahala gaskiya. Guduma ɗaya tal yazo da ita, yara sai rigima suke wa zai riƙe. In zaku je ku sa takalmi mai kama ƙasa, silifas bazai yi ba, kuma kar ku je bayan anyi ruwa don santsi gareshi sosai.