Sakaci ko Gyara: Me Ya Kayar da Mater Dei a 2019?

A wasan ƙwallon Amurka na makarantun sakandare, Mater Dei ta Kalifoniya ta lallasa St. John Bosco da ci 38 da 24 a kakar 2019. Da suka sake gamuwa a wasan ƙarshe na yankinsu, sai reshe ya juye da mujiya: Bosco 39, Mater Dei 34.

Masu cewa sakaci ne suna da abin kamawa. A wasan na ƙarshe, Mater Dei ta kai 28, Bosco na fama da 5 kacal. Yaro ɗan shekara 17 da ya ga irin wannan tazara, ai zuciyarsa ta riga ta ɗaga kofi.

Ni dai bayani na biyu, wato gyaran da Bosco ta yi, ya fi kwanta mini. Wanda aka doke shi ne ke kwana a gaban bidiyon wasa, yana tsayarwa yana mayarwa baya, har ya gano inda aka huda shi. Mai nasara kuwa, me zai gyara? Bryce Young, mai jefa wa Mater Dei ƙwallo, bai manta jifa ba. DJ Uiagalelei, takwaransa na Bosco, shi ne ya samu ƙofofin da aka nuna masa.

Kuma dubi 2018: Bosco ce ta fara ci, 41 da 18, Mater Dei ta rama da 17 da 13.