Daren da na tashi yin liƙi a gidan filamenko

Jama'a sai yau na samu zama in ba ku labarin abin da ya same ni daren Asabar, don wallahi har yanzu abin na cina a rai. Wata tara kenan ina Sebiya a kudancin Sifaniya, Andalus ɗin nan dai da muke ji a bakin malamai, kuma kullum wani abokin aikina ɗan gari sai ya dame ni wai in ban ga filamenko ba, wato kiɗa da waƙa da rawarsu ta gargajiya, to ban zo garin ba. Na gaji na bi shi, muka tsallaka gadar Tiriyana a kan kogin Gwadalkibir, sunan ma ashe Larabci ne, Wadil Kabir.

Kuɗin shiga yuro 25 har da kofin abin sha ɗaya, na ji zafinsu ba kaɗan ba. Gaban kowa giya, ni na ce lemu, ɗan abin taɓawar da aka ajiye mana kuma yankakken naman alade ne, wanda a garin nan duk shagon da ka leƙa cinyoyinsa ne a rataye, sai na ture shi gefe. Amma fa an rubuta ƙarfe 9, ƙarfe 9 cif aka ja ƙofa aka rage fitila. Ɗakin bai fi cin mutum 50 ba, dandamalin katako da kujeru huɗu, babu lasifika babu makirfo.

Mai jita ya fara a hankali, sai wani dattijo ya runtse ido ya dafe ƙirji ya saki wata irin murya a dishe, jijiyar wuyansa duk ta miƙe, kamar wanda aka yi wa rasuwa yanzun nan. Ban tsinci ko kalma biyar ba amma tsigar jikina ta tashi, sai na ji kamar ina tsakar gidanmu da dare ana goge daga nesa. Na gefensa tafi ne kawai aikinsa, kuma tafin nan sana'a ce guda, in ya lanƙwasa tafin hannu sai sautin ya yi taushi, in ya buga da yatsu sai ya fito tas kamar bulala. Can mai rawar ta miƙe, mace ce, ta haura shekara 50, fuska a murtuke ba ta yi wa kowa murmushi ba. Takalminta akwai ƙananan ƙusoshi a dunduniya da wajen yatsu, katakon nan shi ne gangarta, ta dinga zuba masa ƙafa har ina jin kujerata na rawa, gumi na tsiyaya daga haɓarta, sannan ta tsaya cak lokaci ɗaya da mai jita.

Nan ne fa na kasa daurewa, na zaro yuro 10 na miƙe zan je in liƙa mata. Abokina ya cafko rigata ta baya, wata tsohuwa ta juyo ta ce min shiii da ƙarfi, mai tsaron ƙofa har ya taso. Ga ni ni kaɗai baƙar fata a ɗakin, kowa ya zubo min ido. Na koma na zauna kuɗin na hannuna a dunƙule har aka tashi.

A hanya yake ce min ai an riga an biya su daga kuɗin ƙofa, kyautar da ɗan kallo zai ba su ita ce ya yi shiru, in abu ya kai masa ya ce ole, wato madalla, a daidai gurbinsa. Na ji haushi gaskiya, na ce masa mu a wajenmu liƙi karamci ne, kuma har gobe ina ganin akwai daɗi a ciki da su ba su sani ba. Amma da na kwanta sai na kasa barci. Mu in mutum ya fito liƙi dole a yanke waƙa a kira sunansa da na ubansa, filin ya koma nasa, makaɗin kuwa maroƙi muke ce masa, in ya zo neman aure a ce a duba asali. Su ma fa masu wannan kiɗan da yawansu Gitanawa ne, wata ƙabila da aka daɗe ana wulaƙantawa kuma har yau ba a daina ba, amma a 2010 UNESCO ta sa filamenko cikin kayan gadon duniya, a 2023 gwamnatin Andalus ta yi masa doka sukutum har da koyar da shi a makarantu, ga babban biki da ake yi a garin nan duk shekara biyu tun 1980.

Sai na tuna mai kalangun unguwarmu a bikin yayata. An ce ya zo bayan la'asar, ya zo, aka bar shi a soro kan tabarma har bayan isha'i saboda an ɗauko DJ da janareta, ƙarshe aka miƙo masa shinkafa a leda aka sallame shi, ni ne ma na kai masa ledar. Mutumin da in ya matse kalangu sai ka ji sunan kakanka ya fito raɗau. 'Ya'yansa duk sun kama acaɓa, ba wanda ya karɓi kalangun.

Jiya na kira Yaya na tambaye ta ko yana nan da rai, ta ce yana nan sai dai idonsa ya yi rauni, ba ya fita. Na ce ta samo min lambar babban ɗansa kafin Juma'a.