Tankin renon 'ya'yan Apistogramma: a zuba yashi ko a bar gilashi zalla?

Wani ɗan uwa a zauren nan ya ce macen Apistogramma cacatuoides ɗinsa, wani ƙaramin kifin ado da ake kiwo a tanki, ta fito da 'ya'ya daga kogo, yana son ware musu tanki. Tambayarsa: ya shimfiɗa yashi da tsirrai, ko ya bar ƙasan ba komai?

Malam, kowanne ka zaɓa, kayan aikin ɗaya ne: tanki mai lita 40, ruwan da aka ɗebo daga tankin iyayen, da matatar soso wadda ta yi mako huɗu tana aiki a tsohon tanki. Sabon soso bai da ƙwayoyin da ke cinye ammoniya (gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi), matata mai jan ruwa kuma zuƙe 'ya'yan take yi. Zafin ruwa ya tsaya a digiri 26 na ma'aunin Celsius. A irin wannan kifi zafin makonnin farko yana taɓa jinsi: kusa da 29 maza ke rinjaye, kusa da 23 mata. Mai reno da bazara ya sa ido sosai.

Gilashi zalla ya fi sauƙin tsafta, kuma a nan ake cin riba ko asara. Abincinsu sabbin ƙyanƙyasar artemiya ne (ƙananan halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande), sau biyu ko uku a rana, waɗanda ba a ci ba kuwa cikin 'yan awoyi suke mutuwa a ruwan da ba gishiri. A kan gilashi za ka gan su sun taru kamar garin jan bulo, ka sa siririn tiyon iska ka zuƙe. Zuƙa a cikin farin bokiti, don sau da yawa ɗa ɗaya ko biyu na bin tiyon. Ka canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan kullum, mai zafi ɗaya, marar kulorin, a ɗiga shi a hankali. Ƙari a kan haka, kana ganin cikin 'ya'yan: wanda ya ƙoshi cikinsa kan yi ruwan lemo, ya kumbura. Illar gilashi zalla ita ce yauƙi yana kwanciya a ƙasan, su kuma a ƙasa suke wuni, sai an riƙa gogewa. Suna kuma firgita idan babu maɓoya.

Mai yashi da tsirrai ya fi kwantar musu da hankali, suna tsintar ƙananan halittu tsakanin ciyarwa. Sai dai ragowar abinci na shigewa cikin yashin ya ruɓe ba ka sani ba, ƙirga su ma aiki ne. Idan ka nace, yashin ya zama mai laushi, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita.

Mu dai gilashi zalla muke ba da shawara, da dunƙule ɗaya na gansakukar Java a kusurwa. Amma kada ka yi gaggawar kwashe su. In ba wasu kifaye a tankin, bar su da uwarsu mako uku zuwa huɗu, sai in ta fara korarsu ko ta shirya sake yin ƙwai. Inda ake yawan ɗauke wuta, tanadi famfon iska mai batir tun kafin ka mayar da su.