Nike Pro Hijab: inda ya yi kyau da inda sai an kula

A 2011 an hana tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Iran buga wasanta da Jodan na neman gurbin Olamfik saboda 'yan wasan sun rufe kansu. Hujjar da ake bayarwa a lokacin ita ce mayafi na iya shaƙe wuya idan aka fizge shi. Sai a 2014 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai, ta kwando FIBA ta biyo baya a 2017. A Disambar 2017 ne Nike ta fitar da hijabinta na wasa, Pro Hijab, bayan 'yan wasa irin su Zahra Lari, 'yar wasan zamiya kan ƙanƙara ta Hadaddiyar Daular Larabawa, sun gwada shi. Ba shi ne hijabin wasa na farko ba, kamfanin Capsters na Holan ya riga shi da shekaru, amma shi ya fi yaɗuwa.

Yadin falle ɗaya ne, roba-roba mai miƙewa, da ƙananan ramuka da iska ke ratsawa. Zura shi ake yi kamar hula, babu fil, babu ɗauri, kuma wannan ne babban alfanunsa, domin fil ɗin da ke riƙe mayafin yau da kullum shi ke jin ciwo idan aka yi karo. An tsawaita bayansa don a cusa cikin riga kada ya fito ana gudu. Gumi ba ya daɗewa a jikinsa, ba kamar auduga ba da ke jiƙewa ta yi nauyi.

Matsalar tana wurin girma. Awo biyu kawai ya fito da su, XS/S da M/L, alhali fuskoki da yawan gashi sun bambanta ƙwarai. Idan aka tufke gashi a tsakiyar kai, hijabin zai riƙa ja baya har goshi ya buɗe. A tufke gashin ƙasa kusa da ƙeya, mai gashi mai santsi kuma ta sa siririyar hula a ciki. Kafin a cire takardar jikin hijabin, a saka, a yi tsalle goma, a girgiza kai, a buɗe baki sosai. In ya matse ƙarƙashin haɓa ya yi kaɗan, in gefen kunci ya ɗaga ya yi yawa. Kuma ba ya sauka kan ƙirji, don haka mai son rufi sosai ta haɗa da riga mai faɗi.

Wanki da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Zafin guga na kashe miƙewarsa, ruwan laushin kaya kuma na toshe yadin. Irin wannan yadi na riƙe warin gumi, a ɗauraye shi da an dawo. Mai atisaye kullum tana buƙatar biyu.

Tun da Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafar mata ta 2023 da hijabi, babu dalilin da ƙungiya za ta raba riga da safa ta bar yarinya ta nemi nata hijabin. Masu horarwa su lura da launi: dokar IFAB ta ce baƙi ko launin riga, iri ɗaya ga duk 'yan ƙungiyar, kuma ba a ɗinke shi da rigar.