select_related ko prefetch_related: wanne ya dace da shafin bashin taki?

Ɗan'uwa, ka ce ka gina wa wata ƙungiyar manoman riɗi a yankin Gumel manhaja da Django, wato tsarin gina manhajar yanar gizo a harshen Python, kuma shafin da ke jero manoma 300 tare da bashin takin da kowa bai biya ba yana jan ƙafa kafin ya buɗe. Wasu sun ce ka sa select_related, wasu prefetch_related, wasu kuma sun ɗora wa sabis ɗin ƙauye laifi.

A bar sabis tukuna. Jinkirin yana faruwa ne tsakanin manhaja da rumbun bayanai, tun shafin bai kama hanyar wayar sakatare ba. Django ba ya ɗauko bayanan da ke da alaƙa da wani layi na teburin rumbu sai an taɓa su. Tambaya ɗaya za ta kawo manoma, sannan duk manomin da aka nemi bashinsa sai an sake komawa rumbu. Tambayoyi 301 ke nan, abin da masu sana'ar ke kira matsalar N+1. Kamar ka aiki yaro kasuwar Maigatari sau 300 ne, kowace tafiya mudu ɗaya.

Shi select_related yana haɗa teburori da JOIN, komai ya zo a tambaya guda. Sharaɗinsa, daga inda kake tsaye abu ɗaya tak za ka tarar a ɗaya gefen, wato alaƙar ForeignKey ko OneToOneField. Kowane bashi na manomi ɗaya ne, kowane manomi ɗan ƙauye ɗaya ne. Da a ce shafinka basussuka yake jerowa da sunan mai kowane bashi, da shi zan ce ka ɗauka, magana ta ƙare.

Amma kai daga manomi kake leƙen basussuka, kuma mutum ɗaya zai iya cin na damina ya ƙara da na rani. Nan wurin prefetch_related ne, wanda ya shigo a Django 1.4 a 2012. Ba ya yin JOIN tsakanin teburorin biyu. Zai ɗauko manoma, ya sake tambaya ɗaya da IN, wato ya miƙa wa rumbu jerin lambobin manoman, ya kwaso basussukansu gaba ɗaya, sannan Python ya raba wa kowa nasa. Tambaya biyu, ko manoman sun kai dubu.

Ga ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Ba duk basussuka kake so ba, sai waɗanda ba a biya ba. Idan ka sa prefetch_related sannan ka kira filter a kan kowane manomi wajen jero su, Django zai yi watsi da abin da ya riga ya kwaso, ya sake komawa rumbu. Ka koma gidan jiya, har da ƙarin tambaya ɗaya ta banza. Maganinsa Prefetch, wanda aka ƙara a 1.7 a 2014: ka ba shi queryset (tambayar da Django zai aika wa rumbu) da ka riga ka tace, ka kuma ba shi to_attr, wato sunan da zai ajiye sakamakon a ƙarƙashinsa, misali bashin_da_ya_rage. Kowane manomi zai zo da jerinsa a ƙarƙashin wannan suna. In kana son nuna nau'in takin, NPK ne ko yuriya, sa select_related a cikin wannan queryset ɗin. Ba kishiyoyi ba ne, suna aiki tare.

Idan jimillar kuɗi kawai shugaban ƙungiya ke son gani, duka biyun ɓata ƙarfi ne. Yi annotate da Sum, rumbu ya yi lissafin da kansa. Idan kuma basussuka uku na ƙarshe ake so ga kowa, yanka queryset a cikin Prefetch ya fara aiki ne daga Django 4.2 na 2023, don haka duba sigar da kake kai.

Shi ma prefetch_related yana da nasa nauyi. Duk abin da ya kwaso a ƙwaƙwalwar saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, yake zama, kuma tsofaffin sigogin rumbun bayanai na SQLite, kafin 3.32, ba sa karɓar ƙima (kamar lambobin manoman da ke cikin IN) sama da 999 a tambaya ɗaya. Saboda haka ka raba shafin da Paginator, manoma 25 ko 50 a kowane shafi. A nan ne masu zancen sabis ke da gaskiya, domin ƙaramin shafi ya fi saurin sauka kuma bai cin data.

Kafin ka taɓa komai, ɗora django-debug-toolbar ka ga adadin tambayoyin da idonka. Bayan gyara, rubuta gwaji da assertNumQueries, mai tabbatar da adadin tambayoyi, don kada wani ya dawo da matsalar gobe bai sani ba.